Baƙuncin Mako Shida a Kankiya da Kusada

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa ƙasar Katsina. Na fita da niyyar kwana goma sha huɗu, Allah Ya nufa sai da na yi mako shida cur.

Sana'ata ita ce sayen amfanin gona. Ina da maigida a kasuwar Dawanau ta Kano, shi ke aikena ƙauyuka in tara masa wake da riɗi. Ran Litinin 9 ga Janairu, 2023, na tashi daga Kano da sassafe, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Bichi da Tsanyawa, muka shiga Jihar Katsina, muka wuce Gidan Mutum Ɗaya, kafin azahar muka sauka Kankiya. Garin yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Katsina, tsakaninsa da birnin Katsina kamar kilomita 60. Hakiminsa shi ake kira Kankiyan Katsina. Akwai babban asibiti, akwai kuma makarantar koyon aikin lafiya wadda ta yaye ma'aikata masu yawa.

A gidan kawuna na sauka, wanda ya yi aikin duba-gari har ya aje. Daren nan aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka, an sa mata daddawar kalwa da busasshen kifi, an kwarara man shanu har yana kwanciya a gefen akushi. Jama'a, na ci abinci a manyan gidajen sayar da abinci na Kano da Kaduna, amma ban tuna ranar da na sa hannu a tuwo irin wannan ba. Matar kawu ta ce asirin ba wani abu ba ne, dawar ta bana ce daga rumbunsu, an surfe ta a turmi, kukar kuwa a inuwa aka shanya ganyenta, shi ya sa ba ta dushe ba. Da safe aka soya ɗumamen sauran, aka haɗa mini da kunun tsamiya mai zafi, sanyin hunturu ya sake ni.

Makon farko ciniki ya yi kyau. Na zaga Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya, ran Lahadi kuma na ci kasuwar Charanchi, inda hatsi da dabbobi ke taruwa daga ko'ina. Ana auna mini da tiya, ina ɗinke buhuna, ina tarawa a zauren kawu.

Sa'an nan fa al'amari ya juye. Masu karatu za su tuna a watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce daga 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Da wa'adi ya matso sai manoma suka ƙi karɓar tsohon kuɗi, ba kuwa za a ga laifinsu ba, domin mutumin da ba shi da asusun banki, ina zai kai su? Na mai da abin da ke hannuna banki da zaton a musanya mini, na dawo hannu wofi. Sabbin ba su samuwa sai a hannun masu POS, su ma da tsada. In ka ce wa manomi za ka tura masa ta waya, sai ya ce shi bai san kuɗin da ba a ƙirga shi a tafin hannu ba. Ga mota rabi ba ta cika ba, ga maigida ya riga ya yi wa wani alkawarin kaya, ga aljihuna ko na shan shayi babu. Na yi kwana uku ina zaune a zaure na rafka tagumi.

Ran nan da dare, muna cin dambu da zogale da ƙuli, kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, yaushe rabonka da goggonka ta Kusada?" Na yi lissafi, sai kunya ta rufe ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar mahaifina. Kuma a cikin shekarun nan na bi hanyar nan ya fi sau hamsin, ban taɓa ratsewa ba, kullum ina cewa sauri na ke yi. Kawu ya ce, "To, yanzu Allah Ya ɗaure maka ƙafa. Gobe ka tafi."

Gari na wayewa ɗan kawu ya ɗauke ni bisa babur. Kusada gari ne na manoma da makiyaya, hedkwatar ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin 34 na jihar, hakiminsa kuwa shi ne Bebejin Katsina. Na tafi ina fargaban faɗa, ga shi ko goro ban riƙo ba. Da na yi sallama, tsohuwa ta fito tana dogara sanda, idonta ya yi rauni, amma ta shaida muryata. Ba ta faɗin sunana, domin sunan mahaifinta aka sa mini. Ta ce, "Baba, ashe kana duniya? Muryar ubanka sak!" Ta kama hannuna tana kuka. Ko kalma guda ta zargi ba ta faɗa mini ba, wannan kuwa ya fi mini zafi bisa ga ta zage ni.

Nan da nan aka kawo ruwa, aka bi shi da fura. Furar gero ce da aka kirɓa da safen nan, ta ji citta da kanumfari da barkono, aka dama ta da kindirmo daga rugar Fulanin da ke bayan gari, a ƙwarya sabuwa da ludayin duma. Da la'asar na ji kukan zabuwa a bayan ɗaki. Zabi biyu kaɗai goggo ta mallaka, ta sa aka yanka ɗaya. Na ce, "Goggo, don Allah ki bari, lokacin nan ba na yanka ba ne." Ta ce, "Yi mani shiru. Shekara sha ɗaya ina kiwonta." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai. Aka yi tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, aka ajiye mini naman a kwano dabam. Ina ci tana ba ni tarihin gidanmu, da gonar da kakana ya sare, da yadda mahaifina ya tafi Kano cin rani bai dawo da zama ba. Rabin abin da ta faɗa ban taɓa jinsa ba.

Kwana tara na yi a Kusada, kowace rana da gidan da ake kai ni gaisuwa, har Yashe da Mawashi. Wani gida ɗanwake da mai da yaji, wani gida kwaɗon rama, wani gida waina da miyar taushe. Ba wanda ke da tsabar kuɗi a cikinsu, har gishiri da hatsi mata ke musanyawa, amma ban shiga gidan da aka bar ni na fito ban ci ba.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Da babban ɗan goggo ya ji halin da na ke ciki, sai ya tara maƙwabta bayan sallar isha'i ya ce musu, "Wannan jikan gidan nan ne, ku ba shi kaya, in bai biya ba ku kama ni." Mutanen da da a kasuwa na same su ba za su ba ni tiya guda bashi ba, suka buɗe rumbuna. Aka kawo malamin makarantar firamare ya rubuta sunan kowa da yawan buhunansa a takarda biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya a wurin liman. Cikin kwana huɗu mota ta cika. Na isa Kano ran 20 ga Fabrairu, maigida ya cika alkawarinsa.

Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kuɗi suka fara sakuwa sannu a hankali. Kafin a kama azumi na koma Kusada na biya kowa har kwabonsa na ƙarshe, liman ya yaga takarda a gaban jama'a. Na kai wa goggo turmin atamfa da sukari da zabi huɗu. Daga nan ban ƙara wuce mararrabar ba tare da na ratse ba, har Allah Ya karɓi abarsa da daminar 2024. Allah Ya jiƙanta. Da ba don wahalar kuɗin nan ba, da sai dai in je ta'aziyya.

Saboda haka ina jan hankalin 'yan'uwana malaman ofis da malaman makaranta da 'yan kasuwa, waɗanda aiki ke kai su rangadi. Yawancinmu muna da dangi a bakin hanyoyin da mu ke bi, sai mu wuce su a guje, mu ce mun gaisa ta waya. Magabata sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Kada kuma rashin tsaraba ya hana mutum, ni hannu biyu na je, aka yanka mini zabuwa. In za ka yi tafiya, ka ware wuni guda na dangi tun kana gida, ka sa shi cikin lissafi kamar kuɗin mota.

  

Ni ne naka,
Wani ɗan kasuwar Dawanau, Kano.