Makin da ya ɓace a layi na 43

A Yauri ta ƙasar Matamaye, inda gawo ke tsaye a tsakiyar gonakin gero, akwai wani malamin lissafi da ya yarda da hannunsa fiye da kowace na'ura. Ko da aka ba shi kwamfuta don haɗa makin ɗalibai a Excel, bai sake hali ba. Kowane ɗalibi sai ya rubuta masa nasa dogon lissafi: makin Faransanci sau nauyinsa, a tara da na lissafi sau nauyinsa, har fannoni su ƙare, sannan a raba da 18, jimillar nauyin da ke teburinsa. Layi 60, dare uku.

A layi na 43 ne ido ya gaji. Ya tsallake tarihi, inda yarinyar ta ci 12 bisa 20, mai nauyi 2. Maki 24 suka salwanta, sakamako ya fito 9,11. Wanda bai kai 10 ba yana iya maimaita aji, ga shi kuwa mahaifinta ya riga ya ce in ta faɗi, karatu ya ƙare.

Ita ce ta zo da ƴar takardarta, ta durƙusa.

"Malam, a gafarce ni, ni 188 na samu da na tara."

Ya sake bin layin da yatsa, sai ga giɓin. Sakamakonta na gaskiya 10,44 ne.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne maganin yana cikin manhajar tun farko. SOMMEPROD tana ninka kowane maki da nauyinsa ta tara su gaba ɗaya, SOMME kuma ta ba da jimillar nauyin. Gajeren umarni guda ne, a kafe layin nauyin da alamar dala don kada ya gusa, a ja shi ƙasa ya game ajin duka. Sai dai ita ma ba a miƙa mata wuya: gurbin da aka bari babu komai, sifili take ɗaukarsa, ta zalunci wanda rashin lafiya ya hana shi jarrabawa.

A daren nan ya goge layukan 60. Da ya gwada sabon sakamako da tsohon, sai ya tarar da wani kuskuren a layi na 17, na yaron da ya ba maki fiye da haƙƙinsa. Ya daɗe zaune yana tunanin yadda zai gaya masa da safe.