Yawon Sallah a Gidan Zu

Muna yara, Sallah ba ta cika mana sai an je Gidan Zu. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa kallon manya ne. Mu da ba mu da tsawo sai dai mu ga ƙura da kofaton dawakai. Ranarmu ita ce wadda Kawu zai tattara mu, mu takwas ko tara, ya cusa mu a kiya-kiya, kowa ya ƙulle sulallan barka da Sallarsa a bakin zane ko a aljihun sabuwar riga mai ƙamshin shago.

Gwamna Audu Bako, ɗan sandan da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa wurin a 1971. Lokacin can bayan gari ne. Kawu yakan ce har surutu mutane suka yi, wai me za a yi da gidan namun daji mutum bai ƙoshi ba.

Kowa zaki yake ɗokin gani, amma zakin nan kullum barci yake, ya juya mana baya. Ni kura ce ta tsaya mini a rai. Na sha jin ta a tatsuniya, Gizo yana yi mata wayo, sai ga ta ido da ido, ƙugu a zube, tana safa da marwa cikin keji, ga wani wari mai hawa kai. Na ƙanƙame hannun Kawu.

"Kawu, ita ce mai cin yara?"

"Ita ce, uwata. Amma yau ta ci naman Sallah, ba ruwanta da ke."

Sai da na girma na gane ba dabbobin ne suka fi riƙe mu ba, inuwar ce. Bishiyoyi ne manya, iska na kaɗawa, a shimfiɗa tabarma a buɗe kwanon cincin da soyayyen nama. Ɗan attajirin Fagge da ɗan mai turin kura layi ɗaya suke bi a hau lilo, mai hoto kuma yana zagayawa, hoton da sai bayan sati ake karɓa, in an dace.

Yanzu gari ya haɗiye wurin. Titin da ya ci sunan gidan ya cika da shaguna da cunkoso, har da katafaren kantin Ado Bayero. A 2019 duniya ta yi ta dariyar labarin goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Da aka fara maganar mayar da dabbobin zuwa Tiga, ni ba su na tausaya wa ba. Bishiyoyin na tuna, da yaran Sheka da Gandun Albasa da ke zuwa a ƙafa.

Bara na kai jikokina. Suna shiga suka zarce wajen lilo, ni kuwa na nemi gindin wata tsamiya na zauna ina gadin takalma.