Hirar Garhanga da Ta Salwanta

A shekarata ta farko a jami'a, darasin sadarwa shifta ce zalla. Malami na karantawa, muna rubutawa, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Na haddace ma'anar mai aika saƙo da mai karɓarsa, amma ban taɓa tambayar kaina yadda ilimi ke wucewa daga baki zuwa kunne a garinmu ba.

A shekara ta uku wata malama ta sauya salo. Ta umarci kowa ya tafi hutu da wayarsa, ya naɗo hira da wani mai sani, ya rubuta wani yanki nata, mu tattauna a aji. Na nufi Garhanga wajen kakata. Tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a furojen Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO domin tare ruwa da raya ƙasar Adar. Na tambaye ta wa ya koya musu jera dutse. Ta yi dariya, ta ce: "Maigidana, sau guda aka gwada muna. Ka aza dutse, ruwa shi zaka shi ture shi, nan kaka gane kurenka."

Awa biyu tana magana. Da na zauna rubutawa, sai ga "tahi" a gurbin "tafi", "hwaɗi" a gurbin "faɗi", siffofin da Bernard Caron ya bayyana a littafinsa kan Adaranci a 1991. Da su na tashi, amma sai ranar nan na saurare su da kunnen ɗalibin harshe. Abin da ta faɗa game da dutse shi malamarmu take yi da mu.

Minti goma kawai na rubuta, gwargwadon buƙatar aji. Bayan wata biyu aka sace wayar a tasha, kuma ban kwafi hirar ko'ina ba. Da damina ta zagayo, Allah Ya yi wa kakata rasuwa. Da na bincika, na tarar naɗe-naɗen abokan karatuna ma sun watse cikin wayoyin da suka lalace ko aka sayar. Mun yi noma, ba mu gina rumbu ba.

Tun 1968 ake da cibiyar adana adabin baka a Yamai, wadda aka sani yau da CELHTO, don haka ba baƙon aiki nake kira gare shi ba. Shawarata ga ƴan'uwana ɗalibai ita ce, duk hirar da aka naɗo a yi mata kwafi biyu, a rubuta wuri da rana da karin harshe da yardar mai magana, a ajiye inda na baya za su samu. A sa wannan cikin makin darasin.

Shafuka huɗu na minti goman nan suna nan a wurina. Su kaɗai suka rage daga muryarta.