Jiddari Polo: Ƙasar Ta Wace Ce?

Unguwar Jiddari Polo a Maiduguri ta ci sunan filin folo, wasan da a da sai Turawa da sarakuna. Yau gidajen talakawa ne birjik, amma dokar 1978 ta danƙa ƙasar duka a hannun Gwamna, riƙon amana.

Manomin Rasha ya daɗe da sanin irin wannan zance. Sarki Alezanda na Biyu ya 'yanta bayin gona a 1861, sannan ya aza musu biyan kuɗin gonakin har shekara 49. A 1917 suka ƙwace gonakin masu sarauta. Daga 1929 Stalin ya tattara su cikin gandayen haɗaka, yunwar 1932 zuwa 1933 ta halaka miliyoyi.

A Jiddari, iyakar abin da maigida zai samu ita ce takardar izinin zama ta shekara 99.