Kafin injin yanka, a nemi inuwar katako

Yau maganar kafintoci ce. Abin da ya tayar da ita bidiyoyin nan ne da matasanmu ke ta tura wa juna, na Turawa a ɗakunan aikinsu maƙil da injuna. Yaro na gani sai ya ƙudurta cewa da zarar ya haɗa kuɗin injin yanka, shi ke nan ya buɗe wurin aiki a gidansu. Masu bibiyata sun san na sha faɗa, kuma zan maimaita: a Njamena abin da ake fara tanada shi ne rumfar da katako zai kwanta ya bushe. Duk wanda ya tsallake wannan, sunansa zai ɓata da hannunsa.

Ku duba inda katakon yake fitowa. Ba mu da dajin da za a yanko falanki, kuma tun ƙarshen 2008 gwamnati ta hana sare ɗanyen itace da toya gawayi. Yawancin farin katako da jan katakon da ake sayarwa a garin nan daga dazuzzukan kudanci da gabashin Kamaru suke, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara. Daga Ngaundere kaɗai sai mota ta ci fiye da kilomita 700 kafin Kuseri, ta haye gadar Ngeli ta sauke mana. Falankin da ya sha ruwan daji ya iso garin da a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga hunturun da ke tsotse laima har leɓe ya tsage. Dole ya motse. Kuma ta faɗi yake motsewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa, har jan falanki mai faɗin santimita 30 na iya rasa kusan santimita guda. Shi ya sa ƙofar da aka haɗa da damina take buɗe baki a Janairu, fuskar tebur ta lanƙwashe, aljihun kabad ya riƙa rawa. Mai kaya ya ce kafinta bai iya aiki ba, alhali tun ranar da aka sauke katako aka sa masa zarto aikin ya lalace.

Rumfar ba wani abin tsada ba ce. Gefen katanga inda rana ba ta duka kai tsaye, a jera bulo, a ɗaga katakon daga ƙasa kamar kamu biyu saboda gara da ruwa. Mutanen unguwannin Waliya da Tukra da suka ga ambaliyar 2022 ba sai an yi musu bayani ba. Tsakanin falanki da falanki a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya, kowace a saitin ta ƙasanta, don iska ta ratsa. A shafa tsohon fenti a bakin falankin, domin ta nan yake fara tsagewa, a ɗora nauyi a sama. Farin katako a riƙa leƙa shi, ƙwari na son sa, in ka ga gari-gari a ƙarƙashinsa sun shiga. Bayan rumfa sai benci mai nauyi wanda ba ya girgiza, sai zarto, guduma, kurfi, abin awo da dutsen wasawa, a rataye su a allo jikin bango inda hannun yara ba ya kaiwa.

Na san abin da za a ce: mai ƙaramin jari ba zai iya kwantar da kuɗinsa makonni a ƙarƙashin rumfa ba, ga mai biki yana son gadon amarya ranar Juma'a. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan matsi. To amma a lissafa kuɗin gyaran ƙofar da ta dawo, da cinikin maƙwabtan mai ƙofar da suka gani suka fasa zuwa. Ba a ce a sayi katako mota guda ba. Falanki biyar ko shida na ƙari a kowane saye, a yi aiki da na baya, sababbin su jira layinsu. Wanda ya sayi inji ma ai ya kwantar da kuɗinsa, a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke, janareta kuma sai da mai. Ga wuraren injin gyaran katako na haya, ka kai a yanka maka a goge, ka dawo gida ka haɗa.

Wasu kuma za su ce ina ƙin ci gaba. Wallahi ba na ƙin inji, in hali ya samu a saya. Sai dai gida ba kasuwa ba ne. Akwai tukunyar gas a madafa, ga ɓawon katako busasshe kamar harawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ƙurar farin katako da ta katakon iroko kuwa sananniya ce wajen tayar da asma, inji kuma ya fi hannu watsa ta, ta sauka a shanya da kwanon abincin yara. Wurin aikin ya yi nesa da madafa, a share shi kullum da yamma, a rufe hanci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoye gaskiya. Kafinta ya san katakonsa ɗanye ne, ya lulluɓe shi da fenti ya miƙa wa uban amarya da ya yi shekara yana tara kuɗin. Wannan algus ne, ko da ba da niyyar cuta aka fara ba. Sana'ar nan ta Annabi Zakariyya ce, Alaihis Salam, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. In lokaci ya ƙure, ka gaya wa mutum cewa katakon bai gama bushewa ba kuma zai iya buɗewa da hunturu, ya zaɓa da kansa ko ya jira ko ya ɗauka a haka.