Gaban aro a jikin tsohon babur

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wani malamin gona na jahar Maradi ya daɗe yana jin wannan magana a bakin tsofaffi, amma bai san tana aiki har a kan ƙarfe ba sai cikin shekarar 1994, lokacin da larura ta sa ya ɗaura wa babur ɗinsa gaban wani babur dabam.

Babur ɗin Honda CG125 ne, irin wanda aka fara ƙerawa a 1975 domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau. Bashi ya saye shi, ana cire kuɗin daga albashinsa har ya biya. A kansa yake zagaya ƙauyukan da aka ba shi, yana duba irin hatsi da wake da gujiya, yana rubuta ruwan da ya sauka. A kansa kuma yake kai yara lakwal da safe. Wata ranar kasuwa cikin watan Afrilu, da almuru, yana shan kwana sai ga amalanken jaki a tsakiyar hanya ba fitila. Allah ya tsare, ya tashi da ƙujewa a gwiwa da kafaɗa. Babur ɗin kuwa gabansa ya tashi aiki: ƙafafun furshi biyu sun lanƙwashe baya, janti ya murɗe, fitila ta tarwatse.

Abin ya zo a mugun lokaci. Tun ranar 12 ga Janairu na wannan shekara aka karya darajar kuɗin sefa, faran guda na Faransa da ke tamma 50 ya koma tamma 100, kayan da ke zuwa daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Ma'aikatan gwamnati kuma suna bin bashin albashi na watanni. Ga damina na matsowa, kuma iri dole ne ya isa ƙauye kafin ruwan shibka. Malamin gona da ba shi da abin hawa a watan Mayu, sunan aiki kawai gare shi.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa mai sayar da tsofaffin kayan ƙarfe ya nuna masa gaban wani babur na daji, cikin irin waɗanda furoje-furoje ke raba wa ma'aikatansu, kamar su Yamaha DT125 da Suzuki TS125. An yi gwanjonsa ne bayan injin ya mutu, amma gaban yana nan lafiya lau: furshi dogo, faranti biyu da ke riƙe da shi, taya mai lamba 21, birki da gidon. Kuɗin bai kai rabin na sabon furshi ba. Malamin ya tuna yadda ƙaramin tayansa mai lamba 18 ke nutsewa cikin rairayin Gulbin Kaba, ya ga kamar gobara ce ta zo masa da gyaran gida. Ya ranci kuɗi wajen surukinsa, ya saya.

Makanikin farko da ya kai wa aikin saurayi ne mai zafin nama, a wata rumfa ta bakin tasha. Ya juya gaban sau biyu ya ce: «Mushe, kafin la'asar ka zo ka ɗauki abinka.» Da ya zura sandar sabon gaban cikin wuyan babur sai ta fi wuyan tsawo, boris ɗin kuma bai zauna cikin mazauninsa ba. Bai tsaya wani dogon tunani ba. Ya jera zobban ƙarfe ya cike tsawon, ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗe inda ke da sako-sako, ya ɗaure noti da iyakar ƙarfinsa. Kafin la'asar kuwa babur ya tsaya, gaba a sama kamar raƙumi zai tashi. Yaran unguwa suka bi shi da kallo, mai shi ya ji daɗi.

Kwana uku ya yi yana yawo cikin gari bai ga wani aibu ba, in ban da ƙwas da yake ji a wuya duk sa'ad da ya kama birkin gaba. A rana ta huɗu ya ɗauki babban ɗansa, yaro ɗan shekara 9, suka nufi wani ƙauye arewa da Tibiri. Da suka sauka daga gudron suka hau jar ƙasa mai gargada, ya ƙara wuta kamar yadda ya saba. Nan take gidon ya fara kaɗawa hagu da dama, da sauri, kamar wani ne ke fizgarsa daga hannunsa. Yaron ya ƙanƙame shi yana salati. Da ƙyar ya sassauta mai, babur ya gangara gefen hanya ya tsaya cikin sabara. Ya sauka ƙafafunsa na rawa, ya dubi yaron, ya kasa cewa komai. A hankali suka komo gari, gudun da bai fi na keke ba.

Washegari wani abokin aikinsa ya raka shi wajen wani tsohon makaniki da ya koyi aiki a Kano tun yana yaro. Tsohon ya sa yara suka ɗaga gaban babur sama, ya kama ƙafafun furshi ya ja gaba, ya tura baya. Kowa ya ji ƙwas ɗin. Da aka kwance noti sai ga gwangwanin tumatir ya faɗo a niƙe, ƴaƴan boris biyu kuma sun fashe.

Tsohon ya ce: «Malam, da wa ka hau wannan?»

Ya ce: «Da ɗana, Baba.»

Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce: «To, ka yi sadaka. Aikin nan zai yiwu, amma sai ka ba ni mako guda.»

Malamin ya ce ba shi da mako guda, iri na jiransa a magaza. Ya faɗi abin da saurayin ya ba shi shawara tun farko in cikon bai yi ba: a yanke wuyan babur ɗin, a samo wuyan wancan na daji a yi walda, komai ya zauna daidai cikin yini ɗaya. Tsohon ya goge wuyan da tsumma, ya nuna masa lambobin da aka buga a jikin ƙarfen. Wannan lambar ita ce ke cikin kartigiris, ita jandarma ke dubawa a shinge. Ranar da aka yanke wuyan, babur ya rabu da takardarsa, kuma wuyan da za a liƙa zai zo da lambar wani babur da ba nasa ba. Bayan haka, duk nauyin birki da na rami a wuyan nan yake taruwa, waldar bakin hanya kuwa ba ta yin sallama kafin ta rabu. Malamin ya yi shiru. Da yamma ya je ya roƙi direban wani kamiyon ɗan kasuwa ya sauke masa buhunan iri a ƙauyuka biyu mafi nisa, sauran ya ce su jira.

Tun da ba shi da abin hawa, a garejin ya yi makon, bisa wani benci, yana kallo. Abu na farko da tsohon ya yi, bai ko taɓa sabon gaban ba. Gangar babur ya bi, wadda makanikai ke kira kadar, yana duba fentin bayan wuya da yatsa, domin ƙarfen da ya lanƙwashe fentinsa kan tsage ko ya ɓare. Karon da ya isa ya tanƙwara furshi yana iya taɓa wuya, kuma in wuya ya karkace, kowane gaba aka ɗaura babur zai riƙa ja gefe guda. Aka yi sa'a kadar ɗin lafiya yake. Sannan ya zare bututun furshin aron, ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin taga, don ya tabbata su ma miƙaƙƙu ne.

Matsalar sanda kuwa ga yadda ya warware ta. Kowane kamfani da tsawon sandarsa, da kaurinta, da girman boris ɗinsa, shi ya sa gaban wani ba ya shiga wuyan wani kai tsaye. Tsohon ya ɗauki farantin ƙasa na tsohon gaba da na sabo ya kai wa mai injin feƙe ƙarfe. Aka fitar da sandar kowanne da injin matsi. Aka ɗora tsohuwar sandar a inji aka juya, aka ga karon bai taɓa ta ba. Ramin sabon farantin ya fi ta faɗi kaɗan, sai aka feƙe mata hannun riga na ƙarfe daidai wa daida, aka matsa ta ciki, aka gyara ramin farantin sama shi ma. Da haka sandar asali ta koma wuyanta na asali da boris irin nata, sabo fil, ba ciko ko ɗaya.

Saura tsawo, kuma a nan ne malamin ya ji abin da bai taɓa ji ba. Tsohon ya ɗora doguwar sanda a gefen wuyan babur, ya bi karkatarsa har ta taɓa ƙasa, ya yi zane. Ya sake yin zane a inda taya ke taka ƙasa. Zanen sandar yana gaba, na tayan yana baya, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Ya ce wannan ɗan tazarar ita ce hankalin babur. Saboda taya yana bin bayan layin wuya ne yake komawa tsakiya da kansa bayan kwana, har mutum ya iya sakin hannu ɗaya. A yawancin baburan hanya tazarar tana wajen santimita 8 zuwa 11. In ta ragu ƙwarai, babur ya zama mai firgita. In ta yi yawa, gidon ya yi nauyi, babur ya riƙa faɗawa cikin kwana in ana tafiya a hankali. A babur mai wannan girma, kowane santimita 2 da aka ɗaga gaba yana kwantar da wuya kusan digiri 1. Taya mai lamba 21 shi kaɗai yana ɗaga gaba kusan santimita 4 bisa mai lamba 18, ga kuma tsawon furshin daji a kai. Dogon furshi kuma yana ƙara wa wuya wahala, kamar yadda dogon maɓalli ke ƙara ƙarfin kwance noti.

Sai ya sassauta farantai, ya tura bututun furshi sama ta cikinsu don gaban ya sauko. Amma saukowar ma tana da iyaka. Ya cire sifirin da ke cikin furshi, ya sa yara suka tura taya sama har ƙarshen tafiyarsa, yana duba kada ya taɓa farantin ƙasa ko bututun hayaki, domin tayan da ya maƙale a cikin rami kifar da mai shi yake yi. Sau uku yana ɗaurewa yana kwancewa kafin ya yarda.

Sauran kwanakin suka tafi a kan ƙananan abubuwa waɗanda saurayin bai waiwaya ba. In aka juya gidon har ƙarshe, furshi na dukan tanki, kuma yatsan mai tuƙi na iya shiga tsakani, sai aka yi wa farantin ƙasa ƴan ƙusoshin tsayarwa. Wayar birki ta tsohon gaba ta yi gajarta, tana ja da kanta in furshi ya miƙe, aka sa doguwa. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur, don haka tsohon ya buɗe shi, ya canza takalmansa. Ƙafar jingina ta yi gajarta, babur na neman faɗuwa in an ajiye shi, aka ƙara mata tsawo. Fitila na haska rassan bedi maimakon hanya, aka sunkuyar da ita. A ƙarshe ya ja zare daga tayan baya zuwa na gaba, gefe da gefe, ya ga suna kan layi ɗaya. Ranar da zai ba da babur ɗin, shi ya fara hawa, ya je jar ƙasa ya komo, sannan ya miƙa makulli.

Da aka haɗa kuɗin mai feƙe ƙarfe, da boris, da wayoyi, da ladan tsohon, da abin da saurayin ya riga ya karɓa, arahar ta kusa ƙarewa. Malamin ya faɗi haka yana dariyar yaƙe. Tsohon ya ce: «Ai gaban ka saya da araha, Malam. Zamansa a jikin babur ɗinka kuwa dole ka biya shi dabam.»

Babur ɗin bai koma yadda yake da ba. Cikin gari gidon ya ɗan yi nauyi, wurin shan kwana a lungu sai an lallaɓa, kuma mai shi da yake ba dogo ba ne, da kan yatsu yake taka ƙasa. A rairayi kuwa babban tayan yana hawa inda ƙaramin ke nutsewa, dogon furshin kuma yana shanye gargadar da a da ke karya masa baya. Iri ya isa sauran ƙauyukan kwana kaɗan kafin ruwan farko. Ya ci gaba da hawan babur ɗin har cikin shekarun 2000, lokacin da baburan Sin masu araha suka cika kasuwannin Maradi da Damagaram da Tawa, da yawansu ma kwaikwayon wannan CG125 ɗin ne.

Yawan baburan bai kawar da wannan aiki ba. Kamannin da ke tsakaninsu ma yakan ruɗi mai saye, ya ɗauka gaban wannan zai shiga wancan tun da ido bai ga bambanci ba, alhali ratar milimita ɗaya a mazaunin boris ta isa ta kaɗa gidon. Daga kasuwar Katako ta Yamai har rumfunan bakin iyaka na Ɗan Isa da Jibiya, ana sayen tsohon gaba a ɗaura, musamman ƴan kabu-kabu waɗanda kwana ɗaya ba aiki ke nufin gida ba cefane. Malamin gonan ya yi ritaya, yaron da ya ƙanƙame shi cikin sabara shi ma yau magidanci ne mai nasa babur. Duk sa'ad da ɗan ya zo gaishe shi, kafin ya bar shi ya tafi, tsohon malamin yakan fito ƙofar gida, ya kama birkin gaba, ya tura babur ɗin gaba da baya sau biyu, ya kasa kunne wajen wuya.