Ramin da Na Huda a Murfin Inji



Ina shekara 16 na yi ɓarnar da har yau nake jin kunyarta. Wani ɗan kabu-kabu ya kawo murfin injin babur ɗinsa da ya tsage shagon waldar kawuna a Shinkafi, Kawu kuwa ya tafi jana'iza. Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, na sa masa wuta yadda nake sa wa ƙofa. Bai yi ja ba, bai nuna wata alama ba, sai kawai ya zube ya bar rami. Kwana uku bawan Allah bai fita nema ba, Kawu ne ya biya kuɗin sabon murfi.

Sai da na shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda na gane laifina. Murfin na alminiyam ne, wanda ke narkewa a digiri 660, ƙarfen ƙofa kuwa sai ya haura 1,400. Alminiyam yana da wata siririyar fata a samansa da ba ta narkewa sai zafi ya wuce 2,000. Kafin ka cinye fatar, cikin ya zama ruwa.

A karatun ne na ci karo da dabarar da cibiyar walda ta TWI ta ƙirƙiro a Ingila a 1991. Ba a narka komai. Wani ƙarfe mai tsini ne ke juyawa da gudu a tsakanin faranti biyu, gogayya ta tausasa su, ya cakuɗa su yana tafiya har su zama ɗaya. Da ita ake haɗa jikin jiragen ƙasa da tankunan man kumbo.

Abu uku ake aunawa: saurin juyawa, saurin tafiya, da ƙarfin dannawa. In an yi gaggawar tafiya, zafi bai isa ba, sai a bar kogo a ciki wanda ido ba ya gani. In zafi ya yi yawa, ƙarfen ya tumbatso gefe, mahaɗar ta yi rauni. Ma'aunin da ya dace da alminiyam kuma ba zai yi wa tagulla ba, don ita tana saurin kwashe zafi.

Da na zo hutu na bayyana wa Kawu duk wannan. Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni.

"Wato tuƙin tuwo ne," in ji shi. "To, ɗiyana, da ka tambayi innarka tun farko, da kuɗina na nan."